Akwatin Baba Tsoho: yadda na bi sawun kakana

Kakana ya rasu cikin sanyin ƙarshen shekarar 2018, yana da shekara casa'in da biyu. Mu jikoki Baba Tsoho muke ce masa, kuma haka zan kira shi a nan, don ko yana raye bakina bai taɓa iya kama sunansa gatsau ba. A kwana ukun da aka yi ana zaman makoki a ƙofar gida, ni aka ɗora wa shimfiɗa tabarmi da kawo ruwa, saboda haka kusan duk wanda ya zo gaisuwa na ji abin da ya faɗa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kowa da mutumin da ya zo yi wa ta'aziyya. Wani dattijo ya ce, "Allah ya jiƙan direba, a hannunsa na koyi riƙe sitiyari." Wani ya ce tela, wai shi ya ɗinka masa rigar angwanci. 'Yan unguwa kuwa ladan suka sani, wanda ya shekara fiye da talatin yana tashinsu sallar asuba. Wani tsoho da aka riƙo hannunsa tun daga Kaduna ya ce tare suka yi masaƙa. Ranar uku sai ga wasu dattawa biyu da hular tsoffin sojoji, suka ƙame suka sara kafin su zauna a yi addu'a.

Da daddare bayan an watse, Baffa, wanda shi ne babba a cikin 'ya'yansa maza, ya kira ni zaure. Ya ce, "Kai ne malamin makaranta a gidan nan, kuma kai ne ɗan gaban goshinsa. Ka zauna ka rubuta mana tarihin tsohon nan kafin mu ma mu bi shi, yaran da ke tasowa su san inda suka fito." Na ce to, Baffa. A raina ina ganin aikin mako biyu ne: in tambayi manya, in rubuta shafi biyar, a tura a zauren WhatsApp na dangi. Shekara ɗaya da wata bakwai na yi a kai. Tun da ɗan littafin ya fita mutane da dama sun tambaye ni ta ina aka fara, shi ya sa na ga ya dace in faɗi yadda aikin ya gudana. Na san gidaje da yawa suna da irin wannan tsoho, a wasu gidajen ma yana nan zaune a zaure har yanzu, ba mai tambayarsa komai sai gaisuwa.

Abin da na fara samu shi ne akwatinsa na ƙarfe, wanda tun muna yara muke ganinsa a ƙarƙashin gado da kwaɗo a jiki. An buɗe shi ranar da aka zo ƙididdige kayan gado. Ba kuɗin kashewa a ciki. Akwai lambobin yaƙi biyu, ɗaya tauraro ce ta tagulla mai tsini shida. Akwai littafin sallama daga soja wanda asu ya ci gefensa, da wata wasiƙar Turanci da aka buga da tafireta, da katin ma'aikacin masaƙa mai hotonsa yana saurayi, da lasin tuƙi guda uku, da rasit na keken ɗinki, da fasfon aikin Hajji. A cikin wani ƙyalle ya ƙulle kwabo mai huji da sulalla da takardar kuɗin Ghana guda ɗaya. Can ƙasa kuma ga wani ɗan littafi mai bangon fata, cike da ajami da rubutun hannunsa.

Na roƙi a bar mini akwatin na wata guda kafin a raba kayan. Cikin watan nan ban karanta komai ba tukuna. Kowace takarda na shimfiɗa ta a kan farin zane da hantsi, na ɗauke ta hoto da waya gaba da baya, na ba ta lamba, na sa a ambulan dabam. Wanda duk zai yi irin wannan aiki ya fara da wannan, don da zarar an raba gado takardu sun watse ke nan: wannan ta tafi Abuja, waccan ta bi wata gwaggo gidan aurenta, wata kuma yaro ya yage ta.

Littafin ajamin ya gagare ni. Ina karanta Alƙur'ani, amma hannun tsangaya na mutanen da wani abu ne dabam, ga shi wasu shafukan ba wasali. Na ɗauke shi na kai wa wani alaramma a unguwarmu, muka yi dare shida muna bi layi-layi, yana karantawa ina juyawa zuwa boko. Yawanci lissafin bashi ne da addu'o'i da magungunan ciwon wuya. Amma a shafin ƙarshe ya jera sunayen 'ya'yansa, kowa da watan haihuwarsa da shekarar Hijira. Na ƙirga, goma sha huɗu. Na sake ƙirgawa. Mu dai a gida sha uku muka sani, har da waɗanda suka rasu suna ƙanana. Suna na takwas namiji ne, ban taɓa jin an ambace shi ba. A ƙarƙashinsa kuma da wata tawada dabam an rubuta: "Mun fito Kumasi cikin azumi, 1389." Na rufe littafin ban gaya wa kowa ba, don ban san bakin da zan fara tambaya ba.

Daga nan na samo dogon kwali na manna a bangon ɗakina, na jera shekaru tun daga 1926 har 2018. Tsofaffinmu ba da lamba suke riƙe shekara ba, da abin da ya faru suke riƙewa. Baba Tsoho kullum yana cewa an haife shi shekarar da Sarki Alhaji ya hau, wato Sarkin Kano Abdullahi Bayero, shi kuwa a 1926 ya hau. Sai na kafa irin waɗannan turaku a jikin kwalin: zuwan Sarauniyar Ingila 1956, samun 'yancin kai 1960, hawan Sarki Ado 1963, kisan Sardauna a Janairun 1966, canjin hannu na tuƙi ranar 2 ga Afrilu 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira ranar 1 ga Janairu 1973. Da waɗannan na yi duk tambayoyina. In ka ce wa tsohuwa "a wace shekara?" za ta ce maka Allah masani. Amma in ka ce, "Gwaggo, lokacin da ya sayi keken nan, da fam ya biya ko da naira? Wa kike goyo?" nan take za ta ba ka amsa, har da kalar zanen da ta ɗaura ranar.

Hajiya, matarsa ta ƙarshe, sai da na jira ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, sannan na zauna da ita. Kakata ta wajen jini ta daɗe da rasuwa. Da Hajiya da Gwaggo Babba, 'yarsa ta fari, da su na fi zama. Na koyi ajiye wayar a gefe tana ɗaukar murya, bayan na nemi izini, in daina rubutu a gabansu, don biro da takarda suna sa tsoho ya ji kamar a gaban alƙali yake. Na kuma koyi tafiya da wani abu daga cikin akwatin in miƙa musu ba tare da na ce komai ba. Ranar da na sa wa Gwaggo kwabon nan mai huji a tafin hannu, sai da ta yi magana ta kusan awa biyu ban yi tambaya ko ɗaya ba.

Farkon rayuwarsa ba gardama a kai. An haife shi a wani ƙauye a ƙasar Gaya, aka ba da shi almajirci yana ƙarami, malaminsu ya yi gabas da su. A can ya koyi ɗinkin hula, sana'ar da almajirai da yawa ke ci da ita, kuma allurar nan ita ce ta dawo hannunsa a ƙarshen rayuwa.

Maganar soja ita ta fi cin lokacina. Muna yara in aka ce Baba Tsoho ya je yaƙin Bama, Bama ta Barno muke zato. Ashe Burma ce, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, can gaba da Indiya. A gidanmu labarin da ke yawo shi ne ya harbe Japanawa ba adadi. Da na tsananta tambaya sai na tarar ba wanda ya taɓa jin haka daga bakinsa. Yara ne suka ga lamba suka ƙera labari, labarin ya girma tare da su. Littafin sallamarsa ya nuna ya shiga a 1943, an sallame shi a 1946, kuma yana cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma. An kafa rundunar a 1943 da sojoji daga Najeriya da Gold Coast, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya, aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can suka shiga kwarin kogin Kaladan a 1944. Daji ne mai duhu da duwatsu, ba hanyar mota. Ta jirgin sama ake jefo musu abinci da harsashi, daga nan kuma sai kan mutum. Saboda haka rundunar tana da dubban sojoji waɗanda aikinsu ɗaukar kaya ne a ka, da yawansu ba bindiga a hannunsu sai adda. Baba Tsoho cikin waɗannan yake.

Na daɗe ina kallon layin nan a takardar. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai, da gammo a ka, yana hawan dutse cikin ruwan sama da akwatin harsashi, ana harbi ba shi da abin ramawa. Sai na tuna addu'o'in ciwon wuya da suka cika littafin ajamin. Na tuna kuma wata ɗabi'arsa da muke ganin kamar rigimar tsufa ce: in ɗan dako ya kawo kaya gidanmu, shi da kansa yake tashi ya taya shi saukewa, ya sa a ba shi ruwa, kuma bai taɓa yarda a yi cinikin ladan dako a gabansa ba. Abin da mutum ya ce shi ake ba shi.

Na je Kaduna, gidan adana takardun tarihi na ƙasa, da Arewa House, cibiyar binciken tarihi, na yi kwana huɗu. Ma'aikatan sun taimake ni ƙwarai, na ga fayilolin zamanin Turawa da tsoffin jaridu. Sunansa ban gani ba, kuma da ma ba irin takardun da ke riƙe sunan ɗan ƙauye ba ne. Amma na fito da fahimtar zamanin da ya rayu a ciki, na kuma gane cewa sunayen barikokin da muke wucewa kullum, Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Myohaung a Legas, duk daga wancan yaƙin suka samo asali. Tauraron tagullan nan kuma lambar da aka ba waɗanda suka yi yaƙin Burma ce.

Wasiƙar tafiretan ita ta kawo saɓani a gida. Takardar shaida ce da wani Baturen reluwe a Zariya ya rubuta a 1949, yana cewa mai ɗauke da ita ya yi masa aikin kuku kusan shekara uku, mai gaskiya ne, mai tsabta. Da na karanta wa Baffa sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Wannan ka cire. Da ma maganar dako a soja ban ji daɗinta ba, yanzu kuma a ce ubanmu boyin Bature ne? Surukanmu za su karanta fa." Na ce, "Baffa, shi da kansa ya adana takardar nan shekara kusan saba'in, a akwati ɗaya da lambobinsa da fasfon Hajjinsa. Da kunyarta yake ji da ya ƙone ta." Bai amsa ba, ni ma ban ƙara ba, don ba a ja-in-ja da uba.

Gwaggo Babba ce ta raba gardamar, ba tare da na kai ƙara ba. Ranar wata Juma'a muna zaune su biyu da ni, maganar ta taso. Ta dube shi ta ce, "Kai ba ka san da kuɗin girkin nan ya auri uwarmu ba? Ita ta gaya mini. Kuma burodin da yake gasa mana a tukunya da yashi ranar Sallah, da kake cinye rabona, a ina kake zaton ya koyo?" Baffa ya yi shiru, can ya yi murmushi ya ce, "To, a sa." Har yau ina ganin da an cire wannan babi, da littafin ya zama na wani mutum dabam, ba nasa ba.

Ta hanyar Baturen nan ya samu shiga reluwe. Ya fara da gyaran layin dogo, daga baya ya koma cikin injin yana zuba kwal ɗin Inugu a wuta, a layin Kano zuwa Nguru, wanda aka gama shi a 1930 ana kwaso gyaɗa da fatu da shanu. Tabon ƙunan da ke bayan hannunsa na dama daga nan ne. A farkon shekarun 1950 ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya koyi boko da lissafi, abin da ya sa ya bar zafin inji ya zama malamin sikeli wajen wani mai sayen gyaɗa. Zamanin dala ke nan a Kano, lokacin da ake jibge buhuna kamar duwatsu saboda jirgin ƙasa ba ya iya kwashe su da sauri zuwa Legas. Da rana yana awo yana rubuta buhu, da daddare shi ma yana koyar da manya a-ba-ca-da da fitilar ƙwai. Gwaggo tana tuna ya ɗora ta a kafaɗa ta ga wucewar Sarauniya a Kano, kuma lokacin, in ji ta, hannunsa warin gyaɗa yake. Wannan ya tsayar mini da 1956.

Tsohon nan na Kaduna da ya zo ta'aziyya, da na karɓi lambar ɗansa, shi na bi har Kakuri. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, katin Baba Tsoho kuwa na 1958 ne. Tsohon ya sa aka tura shi a keken guragu muka bi gefen katangar. Ya nuna mini ƙofar da suke shiga aikin dare, ya ce in aka busa tashi, kekuna ne suke cika titin nan har ba ka ganin kwalta. Masaƙar ta rufe tun 2002, ciyawa ta fi mutum tsawo a ciki. Ya ce kakana ba ya son ƙarar injin, amma bai taɓa makara ba, kuma shi ne mai jan su sallah a lokacin hutu. Da na tambaye shi dalilin barinsa, ya ce, "Ya tara ɗan jari, ya ce zai tafi fataucin goro. Shekarar da Sarki Ado ya hau ne, na raka shi tasha da kaina."

Nan kwalina ya yi fili. Daga 1963 zuwa 1969 ba takarda ko ɗaya sai kuɗin Ghana ɗin nan da layin ajami. A gida an san ya yi goro, an san yana zuwa sau ɗaya a shekara da tsaraba, iyali suna Kano. Iyakarta ke nan. Na juya 1389 zuwa shekarar Miladiyya, azumin shekarar ya faɗo tsakanin Nuwamba da Disamba 1969. Gabana ya faɗi. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 ne gwamnatin Ghana ta wancan lokaci ta ba da umarnin duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dubban 'yan Najeriya da 'yan Nijar da sauransu suka fito a manyan motoci, da abin da hannu zai iya ɗauka. Ashe "mun fito" ɗin nan ba fitar fatauci ba ce.

Na tafi kasuwar goro ta Mariri a Kano, na yi ta bin rumfuna ina tambayar ko akwai mai hulɗa da Kumasi tun ta iyaye. Zuwa na uku aka haɗa ni da wani dillali wanda mahaifinsa ma a waccan korar ya dawo. Ya karɓi hoton katin masaƙar ya tura wa mutanensa a zangon Kumasi. Wata biyu ba labari, har na fid da rai. Ranar wata Lahadi bayan la'asar sai ga saƙon murya, minti goma sha ɗaya. Muryar wani tsoho ce, da Hausar can wadda ba ta cika raba namiji da mace ba, sai da na saurara sau uku na kama duka. Ya ce ya gane shi, suna kiransa Malam Soja. A gidan mahaifinsa yake sauka, yana ɗaure huhun goro da ganye yana turowa arewa, har ya kai yana da yara biyu a ƙarƙashinsa. Ya auri wata 'yar zango, suka haifi ɗa namiji. Yaron yana shekara huɗu ƙyanda ta ɗauke shi, 'yan watanni kafin korar. Matar haifaffiyar can ce, iyayenta ba su yarda ta biyo shi ba, suka rabu lafiya. Goronsa da ke ƙasa da bashin da yake bin mutane duk a can ya bar su. Tsohon ya ce ranar tafiyar, da azumi a bakinsa, sai da ya sa motar ta jira shi ya je maƙabarta ya dawo.

Na ɗauki wayar na tafi wajen Gwaggo Babba. Ban yi mata bayani ba, na kunna kawai. Tana ji tana share ido da gefen mayafi. Da ya ƙare ta ce, "Na sani. Inna ta gaya mini tun lokacin. Ya dawo ta Togo da Dahomey, rigar jikinsa kawai, ana tsakiyar yaƙin basasa. Ya yi wata guda ba ya fita sai masallaci. Shi bai taɓa ɗaga maganar ba, mu kuma wa zai tambaye shi?" Na ce, "Gwaggo, in sa a littafin?" Ta daɗe ba ta amsa ba, sannan ta ce, "Ƙanina ne. Ka sa sunansa a inda ubansa ya sa shi."

Abin da ya biyo baya, dattijon nan da ya ce a hannunsa ya koyi tuƙi shi ya cike mini. Na same shi a tasha, yanzu ɗan kamasho ne. Ya ce mutumin da ya yi yara a ƙarƙashinsa a Kumasi, da ya dawo, yaron mota ya zama, yana da shekara arba'in da uku. Yana ɗaure kaya, yana sa waigi a taya, yana kwana a ƙarƙashin mota, direbansa kuma sa'an ɗansa ne. Lasinsa na farko na 1971 ne. Da aka yi canjin hannu a 1972 yana tuƙa babbar mota mai bodin katako tsakanin Kano da Maiduguri, wai ya ɗaura jan zare a hannunsa na dama don kada ya manta gefen da zai bi. A wannan aikin ya biya kujerar Makka. Da ido ya fara rauni ya ajiye mota, ya sayi keken Singer, ya buɗe shago a zauren gida. Wannan shi ne Baba Tsohon da na tashi na gani: tabarau a kan hanci, ƙafa a kan feda, rediyo a gefe. Ladanci kuwa ba naɗa shi aka yi ba. Ladanin masallacin ne ya kwanta ciwo ya riƙe masa, riƙon da ya kai shi har ƙarshen ƙarfinsa.

Da na ƙirga, sana'a goma sha ɗaya na samu. Rubutun kansa wata uku ya ɗauka. Na yi wa kaina ƙa'ida: duk abin da takarda ta nuna, in ce takarda ta nuna, abin da mutum ɗaya ya faɗa, in ambaci wanda ya faɗa, inda biyu suka saɓa, in kawo duka in bar su. Akwai wurare uku da har yau Hajiya da Gwaggo ba su daidaita ba, haka na bar su a littafin. Kowane babi in na gama sai na karanta wa wanda ya ba ni labarin a gabansa kafin in wuce. Tsohon Kakuri ne kaɗai ban samu karanta wa ba, ya rasu mako uku kafin in koma.

Abin da ke ci mini rai shi ne, shekara talatin na yi ina zama a zauren nan. Ina kai masa shayi, yana tsokanata wai zai ƙwace mini mata, ina ramawa. Ban taɓa cewa, Baba Tsoho, wannan tabon na hannunka fa? Amsar da na sha wahalar wata goma sha tara ina nema a Kaduna da Mariri da Kumasi tana zaune a gabana tana taka keke. Ban san ko zai ba ni labarin yaron ba. Amma na dako da na girki da na jirgin Nguru, na tabbata da zai bayar, har da dariya.

Shafi sittin da huɗu littafin ya zama. Muka haɗa kuɗi aka buga kwafi ɗari a wata maɗaba'a, da hotunan takardun a baya. Muryoyin da na ɗauka na zuba su a ma'ajiya uku, na ba gidaje uku. Da Babbar Sallar 2020 aka raba, ba taro sosai saboda annobar korona, 'yan gida ne kawai a tsakar gida. Baffa ya ce shi zai karanta shafin 'ya'ya. Ya sa tabarau ya fara daga Gwaggo Babba yana gangarowa. Da ya iso suna na takwas ya tsaya, ya maimaita shi, sannan ya ce a yi masa fatiha shi kaɗai. Aka shafa. Wata ƙaramar tattaɓa-kunne ta tambayi uwarta wane ne wannan, uwar ta ce, "Kakanki ne, a Ghana yake kwance."

Keken ɗinkin a rabon gado Hajiya ya faɗa wa, ita kuma ta ba wani jikan da ke koyon tela. Lambobin suna wajen Baffa. Akwatin da littafin ajamin ni aka bar wa. Dillalin Mariri ya ce in na shirya, akwai motar goro da ke komawa Kumasi, kuma tsohon da ya aiko muryar ya ce yana iya nuna mini ɓangaren maƙabartar, ko da yake kabarin kansa ya baje. Na karɓi fasfo a watan jiya.